Waken da Ya Nuna da Raɓa

Da hantsin yau ina zaune a gindin rumbu ina ɓarar gujjiya, sai na ji rediyon maƙwabta tana cewa makon da za mu shiga sama za ta yi lumui. Ruwa ya ɗauke, zafi ya sauka, da safe za a riƙa samun raɓa da ɗan sanyi-sanyi, iska kuma ba mai ƙarfi ba. Matar ɗana tana shanya kuɓewa a tabarma, ta ce alhamdu lillahi, kakar bana ta zo da mutunci. Na ce mata haka ne. Tun asuba amalanken jakai ke wucewa ta bayan dangarmu da dammunan hatsi, wasu samari ma a kan babur suke ɗauro nasu, suna tafe suna tangaɗi. Gari duk ƙanshin sabon hatsi.

Ni dai in an ce sama ta yi kyau da kaka ba na saurin murna. A duk shekarun da na yi a garin nan namu, tsakanin Tibiri da Dumega, ban taɓa ganin kaka mai kyawun sama kamar ta shekarar da muka rasa hatsin yanka ba.

Lokacin ina da 'ya'ya biyu, ɗan farina da bai fara kiwon awaki ba, da 'yar goye, Hajo. Damanar ta fara da wuri. Ruwan farko ya sauka mai yawa, muka yi shuka, ta tsiro kore shar, sai sama ta kulle. Rana ta ƙone ta, muka sake. Ta biyun ta tashi, aka yi noman fari, aka yi maimai, har hatsi ya fara ciki. A nan ruwan ya yanke. Kullum da la'asar hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, mu kwashe shanya, mu fito da tukwane, sai iska ta taso ta watsa shi. An yi roƙon ruwa a filin idi. 'Yan bori ma sun yi nasu a gindin tsamiya, sun yanka wa doguwa baƙin bunsuru. Hatsi ya bushe a tsaye, waken da ke tsakaninsa ya ƙone tare da shi. In ka murza zangarniya a tafin hannu, sai ƙaiƙayi.

Maza suka fara fita tun damana ba ta ƙare ba. Maigidana, Allah ya jiƙan shi, ya bi waɗanda suka ƙetare iyaka ta Kangiwa, ya ce in ya samu zai aiko. Ya bar ni da yara da mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Inna, ya kuma bar wa wansa, Yaya Nomau, amanar gidan. Yaya Nomau ba mugu ba ne. Mutum ne da ya fi tsoron bakin mutane a kan yunwa.

Abincinmu ya koma daji. Da sassafe ni da Inna mu fita neman tafasa da yaɗiya, mu dawo mu dafa, mu matse, mu barbaɗa ɗan gishiri da dusar da muka kankaro daga gindin rumbu. Da ganye ya yi wuya muka koma ga anza. Wanda bai ci anza ba bai san ɗaci ba. Sai an ɓare 'ya'yan, an dafa, an jiƙa, ana zubar da ruwan ana sakewa kwana da kwanaki, kuma ko bayan haka in ka haɗiye sai ka ji maƙogwaro ya tsuke. Ɗana ya kan riƙe loma a baki ya dube ni, ni kuma in kau da kai har sai na ji ya haɗiye. Turmi ya yi shiru a garin. A ƙauye, in hantsi ya yi ba ka ji daka daga ko'ina ba, ba sai an gaya maka halin da ake ciki ba.

A ɗakin Inna akwai wata 'yar tukunya da ta liƙe bakinta da laka. Wake ne a ciki, cakuɗe da toka don kada ƙwari su ci, ragowar irin da ta hana a shuka duka. Bai fi tiya biyu ba. Mun bar shi a kan na ranar da abu ya ƙure ne.

Can ƙarshen damana, bayan kowa ya fid da rai, shamuwa ma ta fara haramar tafiya, sai ruwa ya sauko da rana tsaka kamar da bakin ƙwarya. Ya yi ta zuba har la'asar. Mutane suka tsaya a ƙofar ɗakuna suna kallon shi kamar baƙon da ya iso bayan an dawo daga maƙabarta. Ba wanda ya yi guɗa.

Gonarmu tana da wani kwari ta yamma, inda ƙasa take baƙa-baƙa, ruwa ke kwanciya. Washegari na je na tura ƙafa a wurin, ta nutse har idon sawu. Na tona da hannu har gwiwar hannu, danshi ne. Na dawo gida na ce wa Inna ina son tukunyar nan, in shuka waken a kwarin.

Ta tambaye ni, in ya mutu fa? Na ce in muka ci shi, kwana nawa zai kai mu, sannan mu koma ga me? Labari ya kai ga Yaya Nomau, ya shigo gidan yana faɗa, wai ba mai hankalin da ke shuka bayan damana ta juya baya, wai zan ɗauki abincin 'ya'yan ƙanensa in zuba wa ƙasa. Inna ta bar shi ya gama. Sannan ta ce tukunyar tata ce, ta ɗauko dutsen niƙa ta fasa lakar da hannunta.

Mu biyu muka shuka shi. Ni ina gaba da sungumi, Hajo a bayana, Inna tana biye tana jefa ƙwaya tana rufewa da diddige. Masu wucewa suka riƙa tsayawa a bakin hanya. A rijiya aka ce iska ta taɓa Kulu, wato ni, kuma ta ja tsohuwa ta sa a ciki. Na ji, na ci gaba da jan gugata.

Bayan haka sama ta yi mana yayyafi sau biyu, ta naɗe tabarmarta. Amma waken ya tsiro. Ya yi yaɗo ya rufe kwarin, kore shar a tsakiyar gonakin da suka koma launin jaki, har daga bakin gari ana hango shi. Muka fara tsinkar ganyen ƙasa-ƙasa muna dafawa, kaɗan-kaɗan don kada mu raunana shi. Matan da suka ce iska ta taɓa ni suka fara zuwa da ƙwarya. Na ba su ganye, amma da hannuna nake tsinka, ba na bari kowa ya shiga. Ya yi fure, furen ya zube, kwanso ya fito sirara kamar yatsun jariri.

Sai kaka ta shigo, irin wannan da muke ciki. Zafin nan mai dafa mutum ya sauka. Da safe in na ratsa gona zanena ya jiƙe da raɓa har gwiwa, ganyen wake duk ya ɗauki ɗigo yana ƙyalli. Da hantsi rana ta fito ba ta cizo. Da yamma wata iska mai laushi ta taso, sama ta yi shuɗi tas. Irin ranakun da ake jin waƙar masu yankan hatsi daga gona zuwa gona, ana gasa sabuwar zangarniya a ba yara. A shekarar ba waƙa, ba dami, ba sussuka. Sama ta yi ado, ƙasa ba ta da abin tarbarta. Ni kaɗai a garin nake da abin yi da wannan raɓa, don ita ce ruwan da ya rage wa wakena.

Makiyaya kuwa sun gangaro daga arewa tun kafin lokacinsu, saboda can ma ba ciyawa. Suka yi sansani a bayan gari, bisashensu suna faɗuwa. A al'ada ba a sakin gonaki ga dabbobi sai kowa ya kwashe amfaninsa. Amma a shekarar me za a kwashe? Maigari ya tara dattawa da shugaban makiyayan, aka yanke cewa bayan sallar Juma'a an saki gonaki, dabbobi su shiga su ci busasshen kara. Ba zalunci ba ne, kowa ya ga dacewar haka. Sai dai wakena ɗanye ne shataf, ƙwayar ba ta gama cika kwanso ba. Yana bukatar kamar mako guda.

Yaya Nomau ya ce in tsinke shi ɗanye mu dafa, a wuce wurin. Na ce ba zan tsinka ba, fada zan je. Yanzu ina ganin mata suna zuwa har gidan magajin gari a Tibiri su ɗauki lasifika su yi magana a gaban maza. A lokacin mace ba ta taka fada sai an kira ta. Na goya Hajo, na je, na durƙusa daga nesa.

Na ce, "Allah shi ba ka nasara, wakena bai nuna ba. Mako guda nike roƙo."

Maigari tsoho ne, shi ma rigarsa ta yi masa yawa a shekarar. Ya ce magana ta riga ta fita, an yi alkawari da mutane, ba za a tsare bisashen ƙasa guda saboda kwari ɗaya ba. Ya ba ni shawarar da Yaya Nomau ya ba ni. Na ce ɗanyen wake ba ya ajiyuwa, cikin 'yan kwanaki zai ƙare, busasshe ne ke kai mutum bazara, kuma shi ne irin baɗi. Sai ya ce wanda ke son abinsa ya yi masa shinge.

Na ce, "To ni ce shingen."

Wasu suka yi dariya. Yaya Nomau yana zaune a cikinsu, ya sunkuyar da kai kamar an zage shi.

Ni da Inna muka shiga saran ƙaya. Muka jawo rassan aduwa da farar ƙaya muka zagaye kwarin iyakar ƙarfinmu, hannuwanmu duk jini. Shingen bai kai ƙugu ba, ta gabas ma bai haɗu ba. Muka kafa 'yar bukka da kara, muka kwaso yara da tukunyar anza, muka tare a gona.

Ranar Asabar da safe, raɓa ba ta bushe ba, na ji ƙasa tana motsi. Garken farko na wani dattijo ne, dogo siriri, da malfa da sanda, daga baya na san sunansa Altine. Shanunsa jajaye ne masu dogayen ƙaho, haƙarƙarinsu a fili, suna tafe suna haɗa ƙafafu. Da suka shaƙi ɗanyen ganye sai suka ɗaga kai gaba ɗaya suka ƙara sauri. Na tsaya a bakin gurbin nan na gabas da taɓarya a hannu, Hajo a baya. Inna ta kwance mayafinta tana kaɗawa.

Dattijon ya yi musu wani kira, suka ja suka tsaya, suna huci a fuskata. Ya matso ya dube ni, ya dubi taɓaryar.

Ya ce, "Ɗiyata, an saki gonaki."

Na ce, "An saki na waɗanda sunka saki, Baba. Ni ban saki tawa ba."

Ya ce in ya ja bakinsa ya yi shiru, ni da taɓaryata ba mu isa mu tsayar da ko maraƙi ba. Na ce na sani, sai dai su bi ta kaina da ta kan yarinyar nan, shi kuma ya je ya yi wa maigari bayani. Sannan na ce masa in ya haƙura har in yi roro, harawar duk tasa ce, shi kaɗai, ba zan ɗaure ko dami ɗaya ba.

Ya nuna mini wata saniya da ta durƙushe a baya, tana ƙoƙarin tashi ta kasa. Ya ce mako guda nesa ne ga wadda ke faɗuwa yau. Na kwance goyo na juyo da Hajo gabansa. Damatsanta kamar tsinken tsintsiya, gashin kanta ya yi ja. Na ce ita ma nesa ne gare ta, amma jira muke.

Ya tsallaka shingen, ya tsinki kwanso ɗaya, ya tsaga da farce, ya tauna. Ya ce, "Bai kai ba." Ya fito ya juya shanunsa. Da ƙyar suka juya, sai da ya sa sanda.

A kan tudun da ke kallon kwarin ya sauka da iyalinsa. Tunda harawar ta zama tasa, shi ya koma mai kore mini sauran garkunan, ya tare su tun daga nesa ya yi musu magana da Fillanci su karkata. Amma wata rana ya kai shanunsa rijiya, sai wasu samari biyu baƙi suka iso da nasu garken. Shanun suka tattake shingen ta arewa suka afka. Na ruga na kai wa wani bijimi taɓarya a hanci har ya yi baya, ɗaya saurayin ya ɗaga mini sanda. Inna ta shiga tsakaninmu, ɗankwalinta ya faɗi, furfura a waje, ta miƙa masa kai ta ce ya fara da ita. Hannunsa ya tsaya a sama. A haka Altine ya iso a guje, ya yi ta zuba musu Fillanci har suka kora dabbobinsu. Sun cinye kusurwa guda ƙarƙaf, ko jijiya ba su bari ba.

Da la'asar Yaya Nomau ya zo. Ya ce in tattara in koma gida tun jini bai zuba tsakaninmu da Fulani saboda wake ba, ya ce na mai da gidansu abin zance a kasuwar Dumega. Inna ta ce, "Nomau, in tsaro ya kawo ka, ga ƙaya can, ja ka toshe. In magana ce, mun ƙoshi." Ya je ya jawo ƙayar ya toshe gurbin, ya tafi bai yi sallama ba. Bai sake zuwa ba.

Kowace safiya sai na dubi sama. Tsorona biyu ne: kada iskar zafi ta taso ta ƙona kwanson tun bai cika ba, kada kuma wani ɓataccen ruwa ya zo ya ruɓar da shi. Ba ɗaya da ya zo. Raɓa ta sauka, rana ta fito a hankali, yamma ta yi sanyi, gobe ma haka. Kwanson ya kumbura, ya fara fari-fari.

Kafin makon ya cika shanun Altine biyu suka faɗi, har da wadda ya nuna mini. Daga bukkata nake hango shi yana yanka su tun ba su mutu ba, ungulaye suna jira a kan gawo. Bai zo ya gaya mini ba, bai ko dubi inda nake ba. Matarsa ta aiko mana da tsoka, tauri kamar igiya, muka dafa muka ci. Wataƙila da na bar su sun shiga tun ranar Asabar da sun tashi. Na san abin da jiran ya ci masa. Amma da za a mai da ni bakin shingen nan da taɓarya a hannu, ba zan matsa ba.

Ranar da na girgiza kwanso na ji ƙwaya ta amsa daga ciki, na aika gari cewa mai son roro ta zo. Mata suka zo da ƙwarya, har da matar Yaya Nomau. Muka yi ta tsinka tun raɓa ba ta ɗauke ba, don kada kwanson ya fashe a hannu. Ba wadda ta yi zancen iska. Wata ta ɗauko waƙa, ba ta yi nisa ba ta bari. Kowa ta koma gida da rabonta. Namu bai kai a buɗe masa rumbu ba, a manyan tukwane muka zuba shi, kuma kafin a ɗora ko ƙwaya ɗaya a wuta sai da Inna ta ware irin baɗi ta cakuɗa da toka.

Da muka gama na hau tudu da kaina na kira Altine. Ya gangaro da abin da ya rage na garkensa. Na kama reshen ƙaya na ja gefe, na ce, "Baba, yanzu na saki." Suka shiga. Har yau ina jin ƙarar bakinsu a cikin harawar nan. Shi kuwa ya dogara da sandarsa, ƙafa ɗaya a kan gwiwa, yana kallonsu.

Waken bai kori yunwa ba. Mun ci gaba da anza, sai dai yanzu ana jefa mata wake, kuma ruwan dahuwar ake fara ba Hajo. A hankali damatsanta suka fara cika. A ranin nan an kai yara da yawa maƙabarta daga garinmu. Daga gidanmu ba a kai kowa ba.

Sai da sanyi ya shigo sosai maigidana ya dawo, a ƙafa, da rabin buhun masara a ka. A can ya ji an ce garinmu ya watse, ya taho bai san wa zai tarar ba. Yaya Nomau ya tare shi tun a bakin gari, ya zayyana masa komai: na fasa tukunyar iri, na shiga fada ba a kira ni ba, na mayar wa maigari magana a gaban dattawa, na kwana a daji, na daki bijimin Fulani. Ya shigo gida fuska a ɗaure. Ya gaida Inna, ya ɗauki Hajo ya juya ta ya ajiye. Na kawo masa ruwa, na kawo masa kwanon wake, ya sa hannu. Sai da ya yi loma uku ko huɗu sannan ya tambaye ni, ba tare da ya ɗago ba, ko gaskiya ne abin da aka ce na faɗa a fada.

Na ce, "Gaskiya ne. Abin da na hwaɗi shi ne cikin kwanon ga. In bai yi maka daɗi ba, aje, yara ba su ƙoshi ba."

Inna tana daga ƙofar ɗakinta, ta rufe baki da mayafi. Shi kuwa ya jawo kwanon kusa da shi, ya cinye tas, har ya suɗe yatsu.